Daga Garwashi Zuwa Buhun Taki: Yadda Ake Karanta Jimlar Sinadarai

Shirin musamman na wannan mako ya ta'allaƙa ne ga wani ginshiƙi na ilimin sinadarai, wato abin da ke faruwa idan abubuwa suka haɗu suka rikiɗa zuwa wani abu dabam, da kuma hanyar da masana suke bi wajen rubuta wannan rikiɗa a layi guda, wadda ake kira jimlar sinadarai.

Kowane abu, tun daga dutse har zuwa iskar da ake shaƙa, ya ginu ne da ƙwayoyi ƙanana matuƙa da ake kira atom, wato ƙwayar zarra, kuma idan biyu ko fiye daga cikinsu suka ƙullu wuri guda sai a kira ƙullin molekul. Cuɗanyar sinadarai tana aukuwa ne yayin da waɗannan ƙulle-ƙulle suka kwance, ƙwayoyin suka sake ƙulluwa bisa wani tsari, har aka sami abu mai sabuwar ɗabi'a. Saboda haka narkewar ƙanƙara ba ta shiga wannan babi ba, domin ruwa ne da fari kuma ruwa ne daga baya, amma tsatsar da ke cin fartanya da ƙonewar gawayi a kasko duk sun shiga.

Duk mai kallon gawayi yana ci har ya rage 'yar toka zai ɗauka cewa ya ɓace ne, sai dai Antoine Lavoisier, masanin ƙasar Faransa, ya riƙa auna nauyin abubuwa a cikin rufaffen mazubi kafin cuɗanya da bayanta, ya kuma bayyana a littafinsa na shekarar 1789 cewa nauyin abin da ya shiga daidai yake da nauyin abin da ya fito. Daga bisani, a wajen shekarar 1813, Jöns Jacob Berzelius na ƙasar Suwidin ya fito da tsarin wakiltar kowane sinadari da harafi ɗaya ko biyu, inda C ke nufin kabon, O oksijin, H haidirojin, N kuwa naitirojin.

Da waɗannan haruffa ake rubuta ƙonewar gawayi kamar haka: C + O₂ → CO₂. Abin da ke hagu shi ne kayan da suka shiga cuɗanyar, abin da ke dama shi ne abin da aka samu, kibiyar da ke tsakani kuma tana nuna alƙiblar rikiɗar, don haka sai a karanta cewa kabon ya haɗu da oksijin sun ba da kabon dayoksaid. A ma'auni, giram 12 na kabon yana cin giram 32 na oksijin ya haifar da giram 44 na iskar kabon dayoksaid, wato gawayin ya tashi sama ne a matsayin iskar da ta ninka shi nauyi fiye da sau uku da rabi, tokar kuwa ragowar ma'adinan da wuta ba ta ci ba ce.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne bambancin lambobi iri biyu da ke cikin jimlar. Ƙaramar lambar da ke ƙasan harafi tana faɗin adadin ƙwayoyin da ke cikin molekul guda, ita kuwa babbar lambar da ake sawa kafin haruffan tana faɗin molekul nawa ne suka shiga. A jimlar samuwar ruwa, 2H₂ + O₂ → 2H₂O, akwai ƙwayoyin haidirojin huɗu da na oksijin biyu a hagu, haka ma a dama, kuma wannan ne ake nufi da daidaita jimla. Babbar lamba kaɗai ake taɓawa wajen daidaitawa, domin da za a mayar da H₂O ta zama H₂O₂, to an bar ruwan sha an koma haidirojin feroksaid, ruwan da ke kumfa idan an zuba shi a kan rauni.

Ƙwaya guda ta oksijin tana iya zama iyaka tsakanin rai da mutuwa. Idan aka shigar da kaskon garwashi cikin ɗaki a lokacin hunturu, aka rufe ƙofa da taga, oksijin yakan yi ƙaranci, sai jimlar ta koma 2C + O₂ → 2CO, wato kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda ke maƙale wa jini da ƙarfin da ya fi na oksijin sau fiye da 200, har mai barci ya galabaita bai farga ba.

Akwai kuma jimlolin da ake sa musu kibiya mai kai biyu, alamar cewa cuɗanyar tana gaba tana kuma komawa baya, kuma fitacciyar cikinsu ita ce N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, wadda ke ba da amoniya. Naitirojin shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar duniya, amma ƙullinsa yana da tsauri ƙwarai, har sai da Fritz Haber ya nuna a Jamus a shekarar 1909 cewa ana iya kwance shi da zafi da matsi mai tsanani, sannan Carl Bosch ya kai aikin ga masana'anta a garin Oppau a 1913, inda aka yi amfani da ƙarfe a matsayin mai hanzarta cuɗanya, wato abin da ke gaggauta ta ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Giram 28 na naitirojin da giram 6 na haidirojin suna ba da giram 34 na amoniya, kuma daga amoniya da kabon dayoksaid ake yin takin yuriya, wanda kashi 46 cikin 100 na nauyinsa naitirojin ne.

Ke nan lambar 46 da manomi yake gani a jikin buhun yuriya lokacin da zai zuba wa masararsa taki ta fito ne daga irin ƙidayar da ɗalibi ke yi a kan allo, wadda ƙa'idarta guda ce, duk ƙwayar da ta shiga ta hagu dole a same ta a dama. A nan shirin musamman na wannan mako ya kammala.