Jaridun Legas da Shari'ar Filin Apapa

Dokar Ingila ta riga saninta isowa Legas. Dokar Kotun Ƙoli ta 1876 ta ɗora wa yankin ƙa'idojin shari'ar Turawa, amma littattafan suna hannun alƙalai da 'yan tsirarun lauyoyi irin su Sapara Williams. Jaridu ne suka fito da ita bainar jama'a.

Babu wadda ta kai Lagos Weekly Record ta John Payne Jackson naci a wannan fage. Da gwamnati ta karɓe filin Apapa, Oluwa Amodu Tijani ya kai ƙara, kotunan Legas suka ce ikon kula kawai yake da shi. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Landan, Herbert Macaulay na tare da shi, jaridar kuwa tana bin maganar sau da ƙafa. A 1921 Majalisar Shari'a ta Sarkin Ingila ta yanke cewa ƙasar ta al'umma ce, mulkin Turawa bai shafe wannan haƙƙi ba, dole a biya cikakkiyar diyya.

Hukuncin ya shafi Hausawan Agege, waɗanda fataucin goro da layin dogo suka zaunar a ƙasar Awori: ya nuna wa baƙo hannun da zai nemi fili a gare shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da wannan iko ga gwamna, amma har yau mai sayen fili a Legas ba ya tsallake iyalan da suka gaji ƙasar.