Zafin Ciwo, Mai Gadin Jiki

A ƙasar Gaya da Ajingi, gabas da birnin Kano, yawancin mutane manoma ne. Duk yaron da ya taɓa bin ubansa gona ya san sukar ƙaya. Da ta soke shi sai ya ɗage ƙafa farat ɗaya, kana ya ce, "Wayyo!" To, ta yaya zafin nan ke samuwa?

A cikin fata akwai jijiyoyi sirara ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Aikinsu shi ne jin suka, da ƙuna, da yanka. Da ƙaya ta taɓa su sai su aika da labari ga laka, wato farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya. Laka ba ta jira. Nan take takan umarci ƙafa ta janye, ta kuma miƙa labarin ga ƙwaƙwalwa. Sai labari ya isa ƙwaƙwalwa sa'an nan mutum ke jin zafi, ya san inda ke masa ciwo.

Jijiyoyin nan iri biyu ne. Waɗansu masu sauri ne, labarinsu kan yi tafiyar kamar mita 20 cikin daƙiƙa guda. Su ke kawo zafin farko. Waɗansu kuwa da ƙyar labarinsu ke yin mita 2. Su ke kawo zogin da ke biyo baya.

Watakila wani ya ce da ma babu zafi sam a duniya. To, a dubi kuturta. Ƙwayar cutar, wadda wani likita mai suna Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873, takan ɓata jijiyoyin hannu da na ƙafa. Mai ita yakan taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, har wurin ya zama gyambo, yatsu su lalace. Yanzu ana warkar da ita a asibitoci irin na Yadakunya kusa da Kano, amma an fi samun sa'a in an je da wuri, tun jijiyoyi ba su mutu ba.

Ashe zafi mai gadi ne, faɗakarwa yake yi. Saboda haka yaron da ke jin ciwo kada ya ɓoye don gudun a ce masa raggo. Ya gaya wa iyayensa ko malaminsa. Wanda kuma ya ga wani tabo a fatarsa, in an taɓa ba ya ji, ya nemi a kai shi asibiti. Hausawa sun ce, jiki magayi.