Akwai Wanda Ya San Ranar Da Ƙasa Za Ta Girgiza?

Jama'a, a wannan watan za mu yi bayani ne a kan girgizar ƙasa, da mutanen da ke cewa sun san ranar da za ta auku. Yanzu da wuya ka shiga ƙauye a Dambatta ko Bichi ko Makoɗa ba ka tarar da wayar hannu ba. Ta cikinta labari ke zuwa, na gaskiya da na ƙarya, kuma kamarsu ɗaya.

Ga abin da ya faru a ƙasar Gana. A watan Janairu na 2010, kwanaki kaɗan bayan mummunar girgizar da aka yi a ƙasar Haiti, sai saƙo ya bazu ta waya cewa a daren nan ƙasa za ta girgiza a Gana. Mutane suka fito daga ɗakuna da tsakar dare, yara da tsofaffi, suka kwana a fili. Gari ya waye ba abin da ya faru.

To, me ke kawo girgizar ƙasa? A ƙarƙashinmu akwai manya-manyan falalen duwatsu, wani ya fi Nijeriya faɗi sau da yawa. Suna motsi a hankali, kamar yadda farce ke tsiro. Inda biyu suka haɗu sukan cije. Su yi shekara da shekaru a cije, rana ɗaya sai su suɓuce. Wannan suɓucewar ita ce girgiza.

Masana sun san wuraren da duwatsun suka cije. Ranar suɓucewar ce ba su sani ba. Magini zai duba azarar da gara ta ci, ya ce maka wannan za ta karye. Tambaye shi ran Talata ne ko ran Laraba, sai ya yi shiru. Shi ma da yake ganin azarar da idonsa ke nan, balle dutsen da ke kilomita da yawa a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka masana suka ce duk mai iƙirarin sanin girgiza sai ya faɗi abu uku: rana, da wuri, da ƙarfinta. Har yau ba a sami wata dabara da ke faɗin ukun nan daidai a kai a kai ba.

Ran 3 ga Fabrairu na 2023 wani mutumin ƙasar Holan, mai suna Frank Hoogerbeets, ya rubuta cewa ko ba daɗe ko ba jima za a yi babbar girgiza a yankin Turkiyya da Siriya. Bayan kwana uku aka yi ta, mutum fiye da 50,000 suka rasu. Nan da nan sunansa ya game duniya. Shi dai da jerin taurari yake lissafinsa.

Masana suka ce a dakata. Bai faɗi rana ba. Yankin kuwa an san shi da girgiza tun kaka da kakanni. Wanda ya ce za a yi ruwa a Kano cikin watan Agusta, ai bai faɗi abin mamaki ba. Ban da haka, ya sha yin gargaɗi ba a ga komai ba, waɗannan ba mai tuna su. Mai yawan jifa cikin kasuwa, dole wata rana ya sami wani. Taurarin kuma sun yi nisan da ba su da ƙarfin motsa dutsen da ke ƙarƙashinmu.

Wasu sun dogara da dabbobi. A 1975 hukuma ta fitar da mutane daga gidajensu a birnin Haicheng na ƙasar Sin, girgiza ta zo, rayuka da yawa suka tsira. An ce macizai sun fito daga ramuka cikin tsananin sanyi, amma abin da ya fi taimakawa shi ne ƙananan girgiza da aka yi ta ji kafin babbar. A 1976 wata ta afka wa birnin Tangshan ba tare da gargaɗi ba, fiye da mutum 240,000 suka mutu.

Mu a nan mun gode Allah, Nijeriya na nesa da mahaɗar duwatsun. Akan ji ɗan motsi jefi-jefi, kamar a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape kusa da Abuja a 2018. Gwamnati na da cibiya a Toro ta Jihar Bauci mai auna motsin ƙasa, amma na'urorinta sai motsin ya auku suke rubuta shi.

Idan irin wannan saƙo ya shigo wayar ɗanka, kada ka tura wa kowa, kada ka karyar da akuyarka, kada ka bar noma. Kunna rediyo ka ji ko hukuma ta yi sanarwa. A ganinmu abin da ya fi barazana ga ɗakunanmu na ƙasa shi ne ruwan Agusta. Kafin damina ta kankama, a yi yaɓe, a gyara indararo, a sauya azarar da gara ta ci.