ƊAN WALIYYI: KOKAWA DA GADON SUNA A ƘASAR MEZIKO

Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Amma ba kullum muke tambaya ba, wane irin nauyi ne gado yake ɗora wa ɗa? Labarin wani ɗan kokawa na ƙasar Meziko zai taimake mu.

A Meziko ana kiran kokawar sana'a "lucha libre". Ba irin kokawarmu ta gargajiya ba ce. Wasa ne da ake yi a kan dandali mai igiyoyi, kuma masu shirya shi sukan tsara wanda zai yi nasara tun kafin a fara. Duk da haka faɗuwar da ciwon na gaske ne. Yawancin 'yan wasan suna sa hular da take rufe kai da fuska duka. Wani lokaci akan yi karon da mutum zai sa hularsa a caca, abokin karonsa kuma ya sa tasa, ko gashin kansa. Wanda aka kayar sai ya tuɓe hular a gaban jama'a ya faɗi sunansa na ainihi, ko kuwa a yi masa aski nan take.

Babu wanda ya kai Rodolfo Guzmán Huerta suna a wannan wasa. Daga 1942 ya shiga sa hula mai launin azurfa, ana kiransa El Santo, wato Waliyyi. Ya yi shekara 40 da wannan suna, ya fito a finafinai kusan 50. Ya rasu a 1984, aka binne shi da hularsa.

Cikin 'ya'yansa, ɗaya ne kaɗai ya bi sawunsa. An haife shi a 1963. A farkon 1982 ya fara kokawa da wani suna dabam, El Korak. A ƙarshen shekarar, bayan uban ya yi ritaya, sai ya sa hular azurfa da sunan El Hijo del Santo, wato Ɗan Waliyyi. Ya kamata ɗalibanmu su lura cewa bai yar da littafi ba: ya yi karatun sadarwa a jami'ar Iberoamericana da take birnin Meziko.

Sunan uba ya buɗe masa ƙofa, amma da ɗan ya zama rago, da 'yan kallo sun juya masa baya, masu shirya wasa kuma sun bar hular ta faɗi. Sai ya dage da horo har aka san shi da saurin jiki da gwaninta. A 1987 ya sa hular a caca da gashin Negro Casas a birnin Los Anjalas na Amurka, ya ci. A 1994, a birnin dai, shi da Octagón suka kara da Eddie Guerrero da Art Barr, huluna biyu da gashin mutum biyu. Aka aske Guerrero da Barr. Har yau masana wasan suna lissafa wannan karo cikin mafi kyau.

A 1996 ya yi abin da ya girgiza magoya bayansa. 'Yan wasan kashi biyu ne: masu bin doka da masu mugunta. Sai ga ɗan Waliyyi ya koma wajen mugaye! Jama'a suka fusata, amma suka yi ta cika ɗakin wasa. A 1997 ya sake sa aka aske Negro Casas, daga baya ya komo wajen masu bin doka.

Sana'ar ta ci jikinsa. Ciwon ƙashin baya ya sa ya dakata a 2013, ko da yake ya sake komowa. Ɗansa kuma ya shiga fage a 2016 da sunan Santo Jr. Hular ta kai jika ba tare da an tuɓe ta ba.

Da yawa cikinmu mun gaji suna mai kyau daga iyaye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma sai ɗan ya tashi ya yi gudun da ƙafafunsa.