Ba kowane sakamakon gwajin jini ne ke nufin olsa ba

A Gwarzo da Kabo, kamar sauran garuruwan yammacin Kano, da wuya a yi hira a majalisa ba a samu mai cewa yana da olsa ba. Da yawa daga kemis suka samo sunan cutar. Wasu kuma takardar gwajin jini ce a hannunsu, wadda ta nuna suna ɗauke da ƙwayar H. pylori, sai su ɗauka magana ta ƙare. Har azumi wasu ke ajiyewa saboda ita.

Sai dai abin da wannan gwaji ke gani shi ne garkuwar da jiki ya haɗa bayan ya gamu da ƙwayar, kuma alamar takan daɗe a jini ko bayan an kashe ta da magani. Wani bincike da aka yi a arewacin Najeriya, aka wallafa a 1992, ya sami wannan alama a jinin kashi 85 cikin 100 na mutanen da aka gwada. Akasari tun yarinta ake ɗaukar ƙwayar, a cikin gida, kuma mafi yawan masu ita ba sa taɓa yin gyambon ciki.

Ba raina ƙwayar ake yi ba. Ita ce kan gaba wajen haddasa gyambon ciki, kuma tun 1994 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa ta cikin masu jawo kansar tumbi.

Akwai wasu sinadarai a jini da ke ba da labarin bangon tumbi: pepsinogen na ɗaya da na biyu, da gastrin. Idan na ɗaya ya yi ƙasa sosai idan aka kwatanta da na biyu, likitoci kan yi zargin bangon ya fara sirancewa. Amma ko a jikin mai ƙoshin lafiya adadinsu na motsawa. Shekaru na sauya shi, taba sigari na ɗaga pepsinogen, raunin ƙoda ma haka. Gastrin kuwa yakan hau da an ci abinci, shi ya sa ake ɗibar jinin kafin karin kumallo.

Babban mai rikita lissafi shi ne omeprazole, wanda ake saye a kemis kamar alawa. Yana ɗaga gastrin da pepsinogen, yana kuma ɓoye ƙwayar a gwajin bayan gida da na numfashi, waɗanda su ne ke nuna ko tana nan a raye. Don haka ake so a dakatar da shi na mako 2 kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, bisa shawarar likita.

Wanda ke aman jini, ko baƙin bayan gida, ko rama ba dalili, ko abinci na tsaya masa a maƙogwaro, ba gwajin jini ne zai raba masa gardama ba. Na'urar leƙa ciki yake buƙata, irin wadda ake amfani da ita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.