Jirgin Lilo: Gangarar da Ta Wuce Bango Miƙewa

Yau shirin namu zai leƙa wuraren shaƙatawa, inda jama'a ke biyan kuɗi su hau jirgin lilo, taragun nan da ke bin dogo su haura sama, sannan su sulalo ƙasa hanjin mutum na kaɗawa.

Kusan shekara 20 babu jirgin lilon da ya kai Kingda Ka tsayi. An buɗe shi a 2005 a jihar New Jersey ta Amurka, tsayinsa mita 139. Cikin daƙiƙa uku da rabi ake cilla taragun su kai gudun kilomita 206 a awa, su haye ƙololuwa, su gangaro mita 127 suna murɗawa. An rufe shi a 2024, aka rushe shi a 2025. Yanzu kallo ya koma Saudiyya, ga Falcon's Flight na Qiddiya kusa da Riyad, wanda aka tsara ya faɗo daga tsaunin Tuwaiƙ da gudun kilomita 250 a awa.

Amma fa tsayi daban, tsananin gangara daban, kuma a ganina gwanintar tana ga na biyun. Bango a miƙe digiri 90 ne. To, Takabisha na Fuji-Q Highland a Japan, wanda aka buɗe a 2011, digiri 121 ne gangararsa. Ma'ana, dogon ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashin kansa. Tarago na isa baki sai a riƙe shi, ya ɗan saurara, mutum ya leƙa bai ga dogo a gabansa ba, sai sarari. Tsayinsa mita 43 ne kacal, bai kai sulusin Kingda Ka ba, amma wannan ɗan jinkirin kaɗai ya isa ya tsinka zuciya. A 2019 Shellraiser na New Jersey ya ɗara shi da rabin digiri.

Me ke hana tarago tashi daga dogo? Tayoyi ne kashi uku: na sama, na gefe, da na ƙasa masu riƙe dogon gam. Birkin maganaɗisu kuma yana rage gudu ko da wuta ta ɗauke.

Duk da haka, mai ciwon zuciya ko hawan jini, da mace mai juna biyu, a haƙura da hawa. Gargaɗin da ake rubutawa a ƙofar shiga ba ado ba ne, a karanta shi, a kuma bi shi.