IDAN MAIGIDA YA JI RAUNI: YADDA ZA A TAIMAKA MASA YA KOMA BAKIN AIKI

Duk wanda ya san Illela ya san gari ne na neman abinci da ƙarfi. A kan iyakarmu da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, 'yan dako da 'yan kabu-kabu da direbobi da masu lodin shanu da albasa duk da jikinsu suka dogara. In buhu ya faɗo wa mutum ko babur ya kayar da shi, to cefanen gida ne ya tsaya. Abin ya fi tsanani in uwargida tana da juna biyu.

Ƙashin hannu na babban mutum yakan haɗe cikin mako 6 zuwa 8, na ƙwauri ko cinya kuwa yakan kai wata 3 zuwa 6. Amma haɗewar ƙashi ba ita ce ƙarshen jinya ba. Wani yakan gama gashin ƙashi sarai, amma tsoro ya hana shi hawa babur. Wani kuma tunanin ragon suna ya sa shi komawa dako tun ƙafa ba ta yi ƙwari ba, ya sake karyewa. Dukansu suna bukatar shawara.

Yadda ake ba da shawarar

Da farko ma'aikacin lafiya zai saurari majinyaci ya faɗi abin da yake tsoro. Sannan a bayyana masa cewa ɗan ciwon da yake ji lokacin motsa jiki ba lallai ne alamar sabon rauni ba. Sai a tsara masa komawa aiki kaɗan-kaɗan: rabin yini kafin cikakken yini, ƙaramin kaya kafin babban buhu. Yana da kyau a haɗa da ubangidansa ko shugaban ƙungiyarsu, domin a ba shi aiki mai sauƙi kamar ƙirga kaya ko tsaron shago. Yawan daɗewa a gida yakan sa komawa aiki ta ƙara wuya.

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ya sani cewa akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take kula da ita. A sanar da wurin aiki da wuri, a kuma adana takardun asibiti.

Aikin iyali

Uwargida, kada ki bar zuwa awo don jinyar maigida, kada kuma ki riƙa ɗaga shi ke kaɗai. A nemi ƙanensa ko maƙwabci. A guji gori da habaici kan zamansa a gida. A lura da shan taba, domin tana jinkirta haɗewar ƙashi, da kuma sayen tiramol ba da takardar likita ba. Dangi su amince a yi suna daidai ƙarfi, a fara ware kuɗin mota da na haihuwa.

In kuka ga ya daina barci ko cin abinci, yana guje wa mutane har mako 2, ko yana cewa ya gaji da rayuwa, ku kawo shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Haka nan in wurin ya kumbura, yana ruwa, ko ya kasa taka ƙafar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, amin.